Na dawo gida na tarar an dasa taransifoma cikin fulotina, ina neman shawara

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin doka da malamanmu da ke cikin zauren nan ku taimaka mini da shawara, tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Ina da fuloti can bayan Bado, na saye shi 2019 a hannun magada, muka yi takarda gaban mai unguwa da shaidu, na sa aka jera bulo layi huɗu aka kewaye don kar a ce ba mai shi, to aiki ya kai ni Kaduna sai sallah sallah nake leƙowa. Wannan zuwan na ce bari in kai magini mu fara ko ɗaki biyu ne, muna shan kwana kawai sai ga taransifoma zaune daram a kusurwar gabas, an fasa bulona an yi mata dakalin kankare, falwaya biyu a tsaye, ita kuma wayar nan da ake ɗaure falwaya da ita a ƙasa don kar ta karkata an ja ta an kafe daidai inda na yi niyyar sa ƙofar gida. Magini ya ja tef, abin da aka ci ƙafa 15 ne a 12, ban da inda wayoyi suka ratsa ta sama. Na je wurin mai unguwa ya ce jama'a ne suka yi ta roƙo har wani ɗan siyasa ya kawo musu, ɗan kwangila ya ce nan ya fi dacewa, wai an nemi lambata ba a samu ba, alhali lambar tana jikin takardar da shi da kansa ya sa wa hannu. Na je ofishin masu wuta wani ma'aikaci ya ce mini doka ta ba su ikon kafa kayan wuta duk inda amfanin jama'a yake, kuma ai ƙasa duk ta gwamna ce. Shin haka ne? Ƙanena cewa yake mu samo yara da dare a tumɓuke ta kowa ya huta.

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Kafin komai ka ja kunnen ƙanenka, wannan shawarar gidan yari ce kai tsaye, ko kuma maƙabarta

Injiniya: Gaskiyar Ɗan Mabera. Layin da ke shiga taransifomar unguwa 11kV ne ko 33kV, wato ƙarfin wuta volt dubu 11 ko dubu 33, ba irin wutar soket ba ce da za ta fizge ka ta sake ka, ko kusantar ta ka yi sosai tana iya tsallakowa. Kuma taɓa kayan lantarki laifi ne mai ɗauri, da kai ne mai gaskiya sai ka wayi gari kai ne ake tuhuma. Ko wayar ɗaurin nan kar ku kwance, ita ke riƙe da falwayar.

Maman Khalifa: Ni fa ban ga abin tada hankali ba Baban Ummi. Mutanen unguwar nan ka san shekara nawa suka yi cikin duhu, a zafin Sakkwato na watan huɗu da mutum ke kwana tsakar gida yana zuba wa katifa ruwa? Ƙafa 15 ce fa. Ka bar ta sadaka mai gudana, duk yaron da ya yi karatu da hasken nan kana da lada, kuma kai ma in ka tare kai ne na farko da zai samu wuta mai ƙarfi

Baban Ummi: Hajiya sadaka ai mutum shi ke bayarwa da hannunsa. Da an kira ni wallahi ƙila ma in ce a sa ta ta bayan fili inda ba ta tare ƙofa ba. Amma a fasa mini bulo ba sallama sannan a ce in yi niyyar sadaka daga baya?

Barista: Salam. Baban Ummi bari in ɗan tsawaita don maganar ma'aikacin nan rabinta gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya zalla rikita mutane.

Eh, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma amana aka ce ya riƙe wa jama'a, kai kuma kana da haƙƙin zama da amfani. Gwamna na iya soke haƙƙin nan saboda buƙatar jama'a, sashe na 28 ke nan, kuma samar da lantarki na cikin abubuwan da dokar ta lissafa a matsayin buƙatar jama'a, wannan ba musu. Sai dai sokewar tana da hanya: takarda ce ake rubutawa, jami'in da gwamna ya wakilta ya sa hannu, a miƙa wa mai filin, sannan maganar diyya ta biyo baya ƙarƙashin sashe na 29. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya ce ba a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai bisa doka tare da biyan diyya cikin gaggawa da ba shi damar zuwa kotu. To tambayar ita ce gwamna ne ya soke, ko ɗan kwangila ne ya zo da tifar yashi? Ikon da doka ta ba gwamna ba ya zama na kansila ko mai unguwa ko ɗan kwangila don kawai aikin na alheri ne.

Su ma kamfanonin wuta dokar lantarki ta tanadar musu hanyar samun fili da hanyar wucewar layi, har NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki ta ƙasa, ta fitar da ƙa'idoji a kan haka tun 2012, kuma duk sun ginu ne a kan sanar da mai wuri da biyan shi. Wanda ya ce doka ta ba ni iko, kotu tambayarsa za ta yi wace doka, wane sashe, ka cika sharuɗɗanta? In bai cika ba kariyar ta faɗi, ya zama kamar kowane mutum da ya shiga filin wani ba izini.

Ɗan Mabera: Barista to amma shi fa ba shi da C of O, takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, takardar mai unguwa ce kawai

Barista: Wannan rauni ne amma bai kashe maganar ba. Ƙarar shiga fili ba izini tana kare wanda wurin ke hannunsa ne, shi kuwa ya biya kuɗi, ya karɓa, ya kewaye da bulo, wanda zai iya ture shi sai wanda ya fi shi hujjar mallaka. Inda matsala za ta taso shi ne in aka ɗauko taswirar unguwar aka ga kusurwar nan dama hanya ce ko wurin da aka ware don irin waɗannan kayan, dillalai da magada suka haɗa suka sayar. Ina ganin irin wannan kullum a sababbin unguwanni, a yanka gona fuloti fuloti ba a bar wa taransifoma ko kwalbati ko taku ɗaya ba.

Malam na Gidan Igwai: Bismillah. Tunda an taɓo doka bari mu ma mu faɗi abin da ke cikin littafi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja hanyar ruwa ta ratsa gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi, aka kai wa Sayyidina Umar, Umar ya ce masa don me za ka hana ɗan uwanka abin da zai amfane shi kai ma ka sha daga ciki kuma bai cutar da kai ba, ya sake ƙi, Umar ya rantse sai ruwan ya wuce ko da ta kan cikinsa ne. Kuma akwai hadisin kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. Saboda haka mallaka a Musulunci ba ta kai a hana jama'a maslaha ba.

Abu Hanan: Allah shi gafarta Malam, amma a duba ƙissar da kyau. An fara tambayar mai gonar, ya ƙi, aka kai gaban shugaba, aka saurare shi, sannan aka yi hukunci, kuma sharaɗin da Umar ya faɗa shi ne ba ta cutar da kai. Nan ba a tambaye shi ba, ba alƙalin da ya zauna, kuma an toshe masa ƙofa. Hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ƙassai bakwai yana cikin Bukhari da Muslim, taƙi fa aka ce, balle ƙafa 15

Malam na Gidan Igwai: Na karɓi wannan gyaran, ban ce abin da aka yi daidai ne ba, ina nufin in an zo sulhu kar ya kafe a kan sai an cire ko ta halin ƙaƙa. Kuma wani abu da zan tuna masa shi ne hauzi, a mazhabarmu in mutum yana nan yana gani ana amfani da wurinsa shekara goma bai ce uffan ba kuma ba abin da ya hana shi magana, da'awarsa ta yi rauni ƙwarai. Kar ya yi shiru ya ce sai wata sallar.

Kawu Tsoho: Ku yara kuna maganar sashe kaza sashe kaza. Ni ina saurayi anka yi rikicin Bakolori, 1980, lokacin Talata Mafara na cikin jihar Sakkwato ba a yanke Zamfara ba. Dam ɗin nan shi ma don amfanin jama'a anka ce, kuma doka na bayan gwamnati, manoma sunka ce a biya su diyyar gonakinsu, sunka tare hanya sunka hana aiki, anka turo 'yan sanda, anka kashe mutane. Tun sannan in naj ji an ce maslahar jama'a sai in tambaya wace jama'a, don shi ma mai hilin ai jama'a ne. Ɗana ka bi a hankali amma kar ka bari, wanga abu in ka yi kawaici gobe falwaya ta uku za ka iske

Sarkin Zolaya: Ni tambayata ɗaya, taransifomar tana kawo wuta ma kuwa? Don in irin tamu ce ta Runjin Sambo da sai ka mai da ita wurin shanya, ba abin da za ta yi maka 😂

Admin: Don Allah a tsaya kan magana, ƙorafin rashin wuta da bil yana da ranarsa.

Injiniya: Bari in ƙara wani abu da ba a taɓo ba, don ni abin da ya fi damuna ba dakalin ba ne, wayoyin da suka ratsa ta sama ne. Kowane layi yana da tazarar da ba a gini a ƙarƙashinta. Babban layi na 330kV irin wanda ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi mita 25 ake bari kowane gefe, na 132kV irin wanda ke kawo mana wuta Sakkwato daga Birnin Kebbi mita 15 kowane gefe, na cikin unguwa kuma wajen mita biyar da rabi kowane gefe. Yanzu ka lissafa, fulotinka in ƙafa 50 a 100 ne faɗinsa wajen mita 15 ne kawai, in layin ya bi ta gefe ɗaya ta ciki to kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ba za ka yi bene ba, ba za ka ɗaga tankin ruwa a wajen ba, magini ma in ya ɗaga rodi tsaye ya kusanci wayar shi ke nan. Saboda haka in za a yi maganar asara kar a tsaya kan 15 a 12. Kuma matsar da ita ba abu ne da ya gagara ba, ana yi, kashe layi ne da kiran, motar nan mai ɗaga kaya masu nauyi, da sabon dakali da ƙarin waya, rigimar kullum a kan wa zai biya ne.

Baban Ummi: Injiniya wallahi ban ma yi wannan lissafin ba, layin ta gefen gabas ya bi tun daga gaba har baya. Innalillahi

Hajiya Inna: Ni ma bari in ba ku nawa ko zai yi amfani. Gidan da marigayi maigidana ya bar mana, ashe akwai babban bututun ruwa da ya ratsa ta ƙarƙashin zaure, mu ba mu sani ba shi ma na tabbata bai sani ba don a gine ya saya. Ranar da ya fashe muka tashi da asuba tabarmi na yawo a kan ruwa, masu gyara suka zo suka fasa daɓen zaure da rabin bango suka yi aikinsu suka tafi suka bar mana rami, da na bi sawu aka nuna mini wata tsohuwar taswira duk ta yi ja, aka ce bututun ya girmi gidan da shekaru, mu ne muka hau kansa. Ko sisi ban samu ba, da kuɗin marayu na gyara. Shi ya sa nake ce maka ka fara tabbatar da wa ya riga wani, in kai ka riga su to kana da baki

Barista: Hajiya Allah ya jiƙan Alhaji. Abin da kika faɗa shi ne bambancin. Wanda ya zo ya tarar da layi ko bututu an riga an samu hanyarsa bisa ƙa'ida, shi ya shiga hanyarsu, shi ya sa kuke jin TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, na gargaɗin masu gini da masu kasa kaya ƙarƙashin manyan layuka. Amma ko a nan ikon shiga gyara bai zama ikon ɓarna ba. Akwai tsohuwar shari'a a Ingila, 1930, wani manomi da hukumar birnin Manchester, hayaƙin tashar lantarkinsu ya lalata masa gona suka ce majalisa ce ta ba su izinin gina tashar, kotun ƙoli ta lokacin ta ce izinin yana kare ku ne kawai daga ɓarnar da ba makawa sai ta faru, ku za ku nuna kun yi iya ƙoƙarinku don kauce mata, suka kasa, manomi ya ci. Wannan ƙa'idar lauyoyinmu na kafa hujja da ita har yau. In akwai gefen hanya taku goma daga fulotin Baban Ummi da za a iya sa ta, da wuya wani ya ce shiga filinsa ba makawa ne.

Abu Hanan: To Barista in ya je kotu nawa zai samu

Barista: A nan ne zan ɗan sanyaya masa gwiwa. In gwamnati ta bi hanya ta soke a hukumance, diyyar da dokar 1978 ta sani ta abin da ka ɗora a kan ƙasa ce, gini, shuka, itatuwa, ita ƙasar kanta abin da ake mayar maka bai wuce kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar ba. Fili mai bulo layi huɗu ka ga abin da zai kama. Shi ya sa ƙarar shiga ba izini ta fi masa ƙarfi, can yana iya neman diyyar ɓarna da umarnin a cire, sai dai alƙali mutum ne, unguwa guda na shan wuta daga wurin, yana iya karkata ga a biya ka maimakon a cire. Kuma shari'ar fili a cikin birni babbar kotun jiha ce, ba wata uku ba ce ba kuma shekara ɗaya ba, ga kuɗin lauya ga na safiyo. Wani abu kuma, in cikin waɗanda za ka kai ƙara akwai hukumar gwamnati za su ɗago dokar kare jami'an gwamnati mai cewa a shigar da ƙara cikin wata uku, kotuna sun sha cewa ba ta shafi neman fili ba kuma ɓarnar da ke ci gaba daban take, amma me zai sa ka ba su abin riƙewa. Ka rubuta takarda wannan satin, ka kai wa kamfanin da ofishin ɗan siyasar da mai unguwa, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka ɗau hotuna da bulon da aka fasa a ciki. In kamfanin bai amsa ba akwai zauren sauraron ƙorafi na NERC, kyauta ne.

Maman Khalifa: Duk na ji, amma ku tuna mutumin nan a unguwar zai zauna fa. Ka kai maƙwabta kotu ka sa an kashe musu wuta sannan ka tare, ranar sunan ɗanka wa zai zo maka? Masu eriyar sabis ai haya suke biyan mai fili duk shekara, me zai hana a yi irin haka a wuce wurin

Injiniya: Hajiya masu sabis kasuwanci suke da fili shi ya sa suke zuwa da yarjejeniya, taransifomar unguwa ban taɓa ganin an biya mata haya ba. Abin da na ga ana yi shi ne jama'ar unguwa su yi karo karo a matsar, ko a musanya wa mutum da wani yanki

Kawu Tsoho: A kai magana ga uban ƙasa. Mai unguwa shi yab ba da wurin da ba nashi ba, ba shi za ya warware ta ba

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga inda aka kwana. Yau da safe na ɗauki safiyo muka je, ya tono duwatsun iyaka guda biyu na gaba, ashe dakalin rabi yana cikin filina rabi yana kan hanya, amma falwaya ɗaya da wayar ɗaurin da layin sama duk a cikin nawa suke, ya ce da an matsa taku shida da duk a gefen hanya za ta zauna, sai dai wajen akwai rumfar wani mai faci, ina jin shi ya sa ɗan kwangila ya ga fili ba kowa ya fi sauƙi. Muna tsaye dattawan unguwa uku suka fito, ɗaya ya fara da faɗa wai na zo in raba su da wuta, ɗayan kuma limaminsu ne ya ce a'a a zauna, shi ma bai san ba a tambaye ni ba. An sa ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan uban ƙasa. Barista na turo maka hoton takardar saye da zanen safiyo ta akwatinka, don Allah ka duba mini wasiƙar kafin in kai gobe, hutuna ya ƙare ranar Litinin zan koma Kaduna.

Barista: Na gani. Ka gyara kwanan watan da ke sama, ka cire layin nan da ka ce za ka ɗau mataki da hannunka, sauran ya yi. Ranar Asabar duk abin da aka amince a rubuta kowa ya sa hannu, har da wa zai biya kiran.

Sarkin Zolaya: A gayyaci mai facin ma, shi ne ya ci riba a duk labarin nan